Amsoshin Tambayoyinku: Mun gina kwata, me ya sa ruwa ke shigo mana gida?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Wasiƙar farko daga wani magidanci ce a Kano. Ya ce sun yi karo-karo sun gina kwata a layinsu, amma ruwan farko na damina ya tumbatsa har cikin zaure. Ina aka kuskure?

To Malam, kwata daga gindinta ake fara ta, wato inda ruwan zai zube, ko babbar magudana ko rafi irin Jakara, sannan a riƙa hawowa sama. Gangaren da ake so kamar santimita 1 ne a kowace mita, ke nan layi mai tsawon mita 100 ƙarshensa zai gangara da mita guda. Da tiyon ruwa irin na magina ma ana iya auna wannan. Abin da ya fi ɓata aikin shi ne kowane maigida ya kira nasa magini ya yi ƙofar gidansa, na wannan ya fi zurfi, na wancan ya ɗago. Sai ruwa ya kwanta a tsakani, yashi da leda su taru, sauro ya samu gida. Kwalbatin bakin titi kuma, in faɗinsa bai kai santimita 60 ba, yashe shi wahala ne. A rufe kwatar da silaf ɗin da mutum biyu za su iya ɗagawa, a yashe ta a watan Afrilu ko Mayu, a kwashe abin da aka fito da shi a ranar, in ba haka ba ruwan farko zai mayar da shi ciki.

Ku kuma duba ko akwai kududdufin da aka cike da shara aka yi gini a kai. Kududdufan cikin birni, inda kakanni suka haƙi ƙasar gini, su ke shanye ruwan damina.

Wata baiwar Allah kuma ta tambaya: ina ruwan talaka da tsara birni, ba aikin hukuma ba ne?

Hajiya, da ruwansa. Muradi na 11 cikin muradun ci gaba mai ɗorewa da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015 cewa ya yi a sa mazauna cikin tsara garinsu. A unguwar Orangi ta birnin Karachi a Pakistan, tun 1980 mutanen kowane layi ke haɗa kuɗi su shimfiɗa bututun ruwan ƙazanta na layinsu, babbar magudana kuma ta rage wa hukuma. In za ku zauna da mai unguwa, ku gayyato masu tuyar bakin hanya da masu keken guragu, domin su za su nuna inda ya kamata a bar mashiga a kan kwatar. Sai ku kai zanen ga hukumar tsara birane kafin a haƙa ko taku ɗaya.