Sabuwar a-kori-kura, amma gwajin baƙin mai ya nuna ƙarfe: me ke faruwa a cikin injin?

Wannan Hilux ce dal, ko ledar kujerunta ba a gama ɓarewa ba. An yi mata juyen mai na farko, aka ɗibi baƙin man da ya fito a 'yar kwalba aka aika ɗakin gwaje-gwaje. Da sakamako ya dawo sai ga ƙarfe ya yi sama, tagulla ta yi sama, sinadarin silikon ma haka. Mai mota ya ga takarda, hankalinsa ya tashi, yana ganin an sayar masa da injin da ke cin kansa.

To, a kwantar da hankali. A sabon inji wannan shi ne abin da ake sa ran gani.

Gwajin kansa tsoho ne. Kamfanonin jirgin ƙasa na Amurka ne suka fara shi a shekarun 1940 domin su gane injin dizal da ke shirin lalacewa kafin ya tsaya a daji. Yau ɗakunan gwaji irin su Blackstone a jihar Indiyana ta Amurka, da WearCheck a Afirka ta Kudu, suna karɓar samfur har daga masu mota ɗaya. Abin da suke buƙata bai wuce mililita 100 ba. Na'ura takan ƙona ɗigon man a wuta mai tsananin zafi, kowane sinadari ya ba da irin nasa hasken, daga nan a ƙirga yawansa. Ma'aunin shi ne ppm, wato kashi nawa ne cikin miliyan.

Ku dubi layin farko na takardar sakamakon, ƙarfe. Daga bangon silinda yake zuwa, da kiranshaf, da kamshaf. A masana'anta ba sumul ake barin bangon silinda ba, da gangan ake yi masa 'yan zane-zane masu gicciye don su riƙe mai. Idan inji ya fara aiki sai ringin fistin ya riƙa goge kaifin zanen nan har su zauna da juna. Wanda ya taɓa kai markaɗe ranar da aka sa wa inji sabon dutse ya san zancen: ƙullun farko ba ya rasa tsakuwa, sai dutsen ya zauna. Garin ƙarfen da kuke gani a takardar nan, zaman ringi ne.

Tagulla kuma daga bushin take fitowa, da metal, wato 'yan faifan da kiranshaf ke juyawa a cikinsu, a wasu injinan har da na'urar sanyaya mai, wadda takan saki tagulla sosai tana sabuwa. Wannan ma takan sauka da kanta.

Silikon ne ke son a tsaya a kansa, domin fuska biyu gare shi. A sabon inji yawancinsa daga gam ɗin da aka like sassan inji da shi ne, kuma ba ya cutar da komai. Amma silikon shi ne kuma jigon yashi da ƙura. A-kori-kura ba motar kwalta ba ce, gona take shiga, da hanyar ƙauye, ga ƙurar hunturu wata da watanni. Ta yaya za a bambanta? Ana kallon maƙwabtansa a takarda. Silikon na gam shi kaɗai yake tashi, kuma duk juye raguwa yake yi. Na ƙura kuwa yakan zo da alminiyam, ya jawo ƙarfe da kuromiyam na ringi su hau tare da shi, domin ƙurar gurzar inji take yi. In aka ga haka sai a buɗe filtar iska, a bi robar da ta taso daga filtar zuwa inji, a laluba ko ta tsage ko ɗaurinta ya saki. Nan ma in ja kunne: ɗabi'ar nan ta cire filta a bubbuga ta a jikin taya, ko a hura mata iska mai ƙarfi, tana iya huda takardarta ba a sani ba.

Akwai layukan da sabuntar mota ba ta ba su uzuri. Idan sodiyam da fotasiyam suka tashi tare, ko aka samu sinadarin gilaikol, ruwan lagireto ne ke shiga mai, ta gasket ko ta wata kafa. Wannan ba a jiran juye na biyu, dila ake nufa da takardar a hannu tun garanti na aiki. Haka nan man dizal ko fetur a cikin baƙin mai. Kaɗan ba abin mamaki ba ne, musamman a motar da ke yawan gajeren zango ko a bar ta tana sulo na tsawon lokaci. Amma in ya yi yawa yakan tsinka man. Ana gane hakan a layin kauri: man da aka rubuta wa 5W-30 a galan, a zafin digiri 100 na Celsius kaurinsa tsakanin 9.3 ne da 12.5 a cSt, wato ma'aunin kaurin mai. Ya faɗo ƙasa da haka, akwai abin da ya tsarma shi. Wannan layin ne kuma yakan tona asirin man jabu, wanda galan ya ce abu kaza, abin da ke ciki ya ce wani abu dabam.

Yadda aka ɗebi samfurin yana iya ɓata komai. A tuƙa motar inji ya yi zafi tukuna. A kwance noti, a bar na farkon ya zube, a tara kwalbar a tsakiyar zubar. Kwalbar ta zama mai tsabta, ba gorar ruwa da aka tsinta a gareji ba. A rubuta kilomitar motar, da kilomitar da man ya yi, da sunan man, da ko an yi ƙari a hanya.

A ganina kuskuren da aka fi yi shi ne yanke hukunci da takarda ɗaya. Sakamakon farko ma'auni ne da za a ɗora na gaba a kai. A juye na biyu da na uku ya kamata ƙarfe da tagulla da silikon su riƙa sauka har su tsaya a wuri guda. In sun ƙi sauka, ko ɗaya ya juya ya kama hawa, a nan ne akwai magana.

Na'urar gwajin kuma tana da iyaka. Ƙananan ɓurɓushi kawai take gani, waɗanda ido ba ya iya gani. Manyan gutsattsarin ƙarfe a filtar mai suke maƙalewa, shi ya sa gogaggen makanike yakan yanka tsohuwar filtar, ya ware takardarta a rana ya duba. Ko da sakamako ya ce man yana da sauran ƙarfi, muddin motar na cikin garanti a ci gaba da juye a kan kilomitar da littafinta ya faɗa, a adana rasit tare da takardun gwajin.