Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Lafiya a Ɓangaren Mata na Asibitinmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai Girma Kwamishinan Lafiya, ranka ya daɗe, iyayenmu sarakuna, likitoci, 'yan'uwana ungozomomi da ma'aikatan jinya, barkanku da zuwa. A madadin ma'aikatan ɓangaren mata, muna yi maka lale marhabin, Allah ya huci gajiya.

Ranka ya daɗe, baƙo idan ya zo akan nuna masa falo ne. Mu kam za mu shigar da kai har ɗaka, mu nuna maka wani ciwo da ba a cika zancensa ba: tsakuwar matsarmama.

Mace za ta zo tana riƙe da ƙasan haƙarƙarinta na dama, ciwon na harbawa har kafaɗa, galibi bayan ta ci abu mai maiƙo. Ta yi wata da watanni tana shan maganin olsa daga kemis. Sai an ɗora mata sikanin a ga tsakuwa.

A shekarun haihuwa, mata sun fi maza kamuwa da wannan ciwo, kusan ninki biyu, kuma sinadaran haihuwa ne ke da hannu. Istrojin yana sa hanta ta zuba kolestarol, wani nau'in kitse, da yawa cikin ruwan ɗacin da matsarmama ke tarawa. Furojestaron kuma yana sanyaya matsarmama, ta daina matsewa yadda ya kamata, ruwan ya kwanta ya yi kauri, ya dunƙule. Lokacin juna biyu duka biyun suna hauhawa, don haka kowane ciki yana ƙara haɗarin. To, ka san a nan uwa mai haihuwa bakwai ko takwas ba abin mamaki ba ce. Ga mai jego da ake tarairaya da ƙauri da man shanu, ciwon ya tashi, a ce ai ciwon bayan haihuwa ne. Ga kuma 'ya'yanmu masu sikila, waɗanda tasu tsakuwar daga fashewar ƙwayoyin jini take samuwa tun suna ƙanana.

Ko a Amurka, babban binciken da aka wallafa a 2005 ya nuna matan da ke shan istrojin bayan ɗaukewar al'ada sun fi fuskantar tiyatar cire matsarmama.

Ba kowace tsakuwa ke buƙatar wuƙa ba. Mafi yawansu ba sa damun mai su, ruwan da ya yi kauri ma wani lokaci yakan narke bayan haihuwa. Abin da ke kashe mu shi ne rashin ganewa da wuri.

Roƙonmu biyu ne, ranka ya daɗe: ƙarin na'urar sikanin, da horar da ma'aikatanmu, ta yadda mai ciki idan ta zo awo tana kukan gefen dama, za a duba jariri a kuma ɗaga na'urar sama kaɗan a leƙa matsarmama.

Bismillah, ga ɗakin awo nan, mata suna jiranka.