Kayak Mai Faɗi da Siriri: Wanne Ya Fi Saurin Kifewa?

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da wannan lokaci. Bari mu kwatanta jiragen ruwa guda biyu. Dukansu kayak ne, wato ɗan ƙaramin jirgin ruwa na mutum ɗaya wanda ake tuƙawa da filafili mai baki biyu, asalinsa na mutanen Inuit ne da ke can yankin ƙanƙara na Girinlan da Alaska da arewacin Kanada, su suka fara ƙera shi da fatar dabbar teku da itace don farauta.

Na farkon nan faɗinsa ya kai santimita 80, gindinsa a shimfiɗe yake. Ka shiga ka zauna a ruwan da ba ya motsi, ko gezau ba zai yi ba, wasu irinsa na masu kamun kifi har tsayuwa ake yi a kansu a jefa ƙugiya. Na biyun siriri ne, faɗinsa wajen santimita 55, tsawonsa kusan mita 5, gindinsa kuma ya ɗan yi tsini. Sabon shiga yana zama a ciki zai ji yana ta rawa dama da hagu, gabansa ya faɗi.

To yanzu ku jira igiyar ruwa ta taso ta gefe, nan ne fa labari yake canzawa. Mai shimfiɗaɗɗen gindin nan bin fuskar ruwa yake yi, ruwa ya karkata shi ma ya karkata da shi, kuma da ya wuce wani mataki ba ya ba ka wani gargaɗi, kawai ji za ka yi ka kife. Siririn kuma igiyar tana wucewa ta ƙarƙashinsa ne, in ya kwanta a gefensa sai ka ji ya cije, ya ba ka damar dafa ruwa da filafili ka dawo daidai. Ku ɗora tire da ƙwarya a kan ruwa ku kaɗa ruwan za ku gane abin da nake nufi, ƙwaryar ce mai rawa amma tiren ne zai fara shan ruwa.

Shi ya sa masu shiga teku suke zaɓar siriri. Mafarautan Girinlan ma har sun ƙware wajen juyo da jirgin bayan ya kife ba tare da sun fita daga ciki ba, abin da yake da wuya sosai da mai faɗi.

Akwai na tsere kuma, wanda ake gasar Olamfik da shi tun 1936, gindinsa zagayayye, tsawonsa bai wuce mita 5.2 ba. Wannan kam gudu aka gina shi ya yi, in ba ka da horo kar ma ka fara.

Wani abu da mutane ke mantawa shi ne wurin zama. Duk sanda aka ɗaga kujera sama nauyin jikinka ya yi nisa da ruwa, jirgin sai ya ƙara saurin karkata, shi ya sa na masunta masu doguwar kujera dole a ƙara musu faɗi. In tafki ko dam za ka shiga ka ɗauki mai faɗi hankalinka kwance, in ruwa mai igiya ne ka nemi siriri ka fara koyo a inda ƙafarka ke taɓa ƙasa, kuma don Allah rigar da ke hana nutsewa ta kasance a jikinka tun kafin ka taka jirgin.