Amsoshin Tambayoyinku: Taken Mario a Bakin Saksafon

Mai gabatarwa: Jama'a, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙun wannan mako kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato kiɗan nan mai sanyi da muka rufe shirin makon jiya da shi, taken wasan gem na Mario da aka busa da saksafon. Shi ya sa na gayyato malamin kiɗan da ya saba taimaka mana, mai koyar da fiyano. Malam, barka da zuwa.

Malam: Barka kadai, na gode.

Mai gabatarwa: Lokaci ba ya jira, bari mu fara. Wani ɗan'uwa daga Damagaram yana tambaya ko kiɗan Indiya ne. A'a ɗan'uwa, jaz ne, salon da baƙaƙen fatar Amurka suka ƙirƙiro a birnin New Orleans a farkon ƙarni na 20. Amma karin da aka ɗora shi a kai daga Japan ya fito.

Wata 'yar'uwa daga zangon Kumasi kuma ta ce wa ya tsara shi tun asali. Koji Kondo ne, ma'aikacin kamfanin Nintendo. Shi ya yi kiɗan Super Mario Bros. a 1985, ya kuma yi na The Legend of Zelda a 1986.

To, ga wadda za mu zauna a kanta, don mutane da yawa sun aiko da irinta, daga Kano, daga Maraɗi, har daga Garwa. Bari in karanta ta wani bawan Allah daga Kano. Ya ce: "Da na ji kiɗan na san na san shi, amma na rasa inda na san shi. Sai cikin dare na tuna gidan gem na unguwarmu. Yaya aka yi wannan ƙarar tit-tit ta koma abin da har ya sa ni ƙwalla?" Allah sarki. Ashe kai ma kana cikin masu kai kuɗin tara gidan gem, a dawo gida a ce ɓacewa suka yi! Malam, ga ka ga tambaya.

Malam: To, sai mun fara komawa kan na'urar. Wadda aka yi Mario dominta ta fito a Japan a 1983 da sunan Famicom. Waɗanda suka cika kasuwanninmu daga baya, masu kaset rawaya, yawancinsu kwaikwayonta ne. Muryoyi biyar kacal na'urar nan take iya fitarwa a lokaci guda. Biyu masu kaifi, ɗaya mai kauri da ke riƙe ƙasa, ɗaya mai shuu da ake yin ganga da ita, sai ɗaya ta 'yan guntayen sauti. Ka ga idan aka cire na ganga da na guntaye, uku ne suka rage wa mai tsara kiɗa. Wasan Mario gaba ɗayansa, da hotuna da kiɗa da komai, kilobait 40 ne, bai kai hoto ɗaya na wayarka ba. Kuma ka san mutanen Japan a lokacin suna son jaz ƙwarai, akwai ƙungiyar da daga baya aka sani da suna T-Square, akwai mai busa saksafon Sadao Watanabe, ni kaina akwai wani faifai da na...

Mai gabatarwa: Malam, faifan nan a ajiye mana shi zuwa wani mako. Ƙwallar mutumin Kano muke bi.

Malam: Can na nufa ai. Mai muryoyi uku ba shi da inda zai ɓuya. Ba tarin kayan kiɗa da za su rufa masa asiri, dole karin ya tsaya da ƙafarsa. Ga shi kuma gajere ne, zai yi ta juyawa sau ɗari a kunnen yaro, don haka dole ya zama wanda ba ya gundura. Ni abin da nake kiransa shi ne take. Yadda ɗan dambe yake da takensa, da an buga kalangu kowa ya san wanda ake kira, haka Mario yake da nasa. Shi kuwa mai jaz abin da yake nema ke nan, take mai ƙarfi. Sai ya rage masa gudu, ya canza sautukan da ke ƙarƙashinsa ya sa masu taushi, ya buga shi sau ɗaya yadda ka san shi, daga nan ya sake shi ya yi ta yawo da abin da ya zo masa a rai nan take, kafin ya dawo da kai kan taken a ƙarshe.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita don wanda rediyonsa ke shuu. Ƙarancin muryoyi ya tilasta wa masu tsarawa yin kari mai ƙarfi. Kari mai ƙarfi shi ne abincin mai jaz. Ya rage gudu, ya sauya abin da ke ƙasa, ya yi yawo, ya dawo. Haka ne, Malam?

Malam: Haka ne. Karin bai canza ba, riga aka sauya masa.

Mai gabatarwa: Amma batun ƙwalla ni zan ƙara nawa. Lokacin da muke jin kiɗan nan muna yara, ba sauraronsa muke ba. Hankalinmu na kan rami da kunkuru, da wanda ke tsaye a bayanmu yana jiran a mutu ya karɓi hannu, da fargabar kada a ɗauke wuta. Kiɗan ya shige mu ba mu sani ba. Yau da aka zo da shi a hankali, babu rami babu gaggawa, shi ne karo na farko da ka zauna ka ji shi. Sai ya taho da ɗakin gaba ɗaya, da bencin, da abokan da wasu sun yi nisa, wasu sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Ɗan'uwa na Kano, ba kai kaɗai ba ne, kuma ba abin kunya ba ne. Ni ma da na fara jin na Zelda a fiyano sai da na yi shiru na ɗan lokaci.

Mu ci gaba. Wani ɗalibi daga Zariya ya ce su wane ne ke yin wannan aiki, kamfanin ne? A'a, masoya ne, waɗanda suka taso da wasannin. Tun 1999 akwai dandalin OverClocked ReMix da David Lloyd ya kafa, inda masoya ke sake fasalin kiɗan gem suna rabawa kyauta. Idan mai sanyi kake so, nemi The Consouls, 'yan birnin Sidni na Ostareliya. Akwai kuma The 8-Bit Big Band ta Charlie Rosen a New York, wadda aikinta a kan wani kiɗa na wasan Kirby ya ci lambar Grammy a 2022. Sai dai su taron masu busa ne, kiɗansu na da ƙarfi. A ra'ayina ba na kwanciya barci ba ne, na safe ne.

Malam: In ƙara da cewa a 2023 ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sa taken Mario cikin kundin sautukan da ake adanawa don tarihi. Shi ne kiɗan gem na farko da ya shiga.

Mai gabatarwa: Madalla. Ga wata daga Yamai, wani matashi ya ce yana son ɗora irin wannan kiɗa a bidiyoyinsa na TikTok, ko akwai laifi. Ƙanena, karin yana da masu shi, galibi kamfanin da ya yi wasan, kuma wanda ya sake bugawa shi ma yana da haƙƙin guminsa. Masu sayar da irin wannan aiki lasisi suke nema. Kuma bari in ɗan ja kunne, ba kai kaɗai ba. Mutum ya kwana yana gyara busa, ku ɗauka ku liƙa a bidiyo, ko sunansa ba ku rubutawa. Wannan ba daidai ba ne. Ku nemi izini, ku rubuta sunan mai bugawa da na wanda ya tsara tun farko, layi ɗaya ne.

Wata Hajiya daga Kaduna ta ce ɗanta ba ya karatu sai da wannan kiɗa a kunne. Hajiya, tun da babu waƙa a ciki bai cika raba hankali ba, ki dai duba sakamakon jarrabawarsa, kuma ya rage ƙara.

Mai tambaya a kan kiɗan wasan Tetris, wannan ba daga Japan karin ya samo asali ba. Tsohuwar waƙar gargajiya ce ta Rasha tun ƙarni na 19, a kan 'yan koli, Game Boy, na'urar gem ta hannu ta Nintendo, ita ta yaɗa ta duniya a 1989.

Ta ƙarshe, daga Agadas: za a iya yin wannan da kayan kiɗanmu? Malam, minti ɗaya gare ka.

Malam: Ai ni goge nake tunani. Yawancin kiɗanmu a kan sautuka biyar yake tafiya, shi kuwa taken Mario yana da 'yan sautukan tsakani da ke zamewa. Sarewa za ta sha wuya a nan. Amma goge da kukuma tsirkiya ɗaya ce, ba a yanka mata matakai ba, yatsa na iya tsayawa duk inda kunne ya ce. Idan aka sami mai ƙwarya ya riƙe a hankali, kada ya yi sauri, sannan mai gurmi ya zauna a ƙasa...

Mai gabatarwa: Malam, ana ɗaga mini hannu daga bayan gilashi. Ɗan'uwa na Agadas, amsar ita ce za a iya, kuma duk wanda ya gwada ya aiko mana mu ji. Sauran wasiƙun da ke gabana, har da masu tambaya a kan wasan Final Fantasy da mai tsara kiɗansa Nobuo Uematsu, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Malam, mun gode. Ga na Zelda nan a fiyano, a sha sauraro lafiya.