Jawabin Maraba ga Babban Baƙonmu, Masanin Tabbatar da Sahihancin Manhaja

Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu.

Mai girma shugaban jami'a, shugaban tsangaya, shugabannin sassa, 'yan uwana malamai, ɗalibanmu, da kuma babban baƙonmu na yau, Farfesa, ranka ya daɗe. A madadin sashen kimiyyar kwamfuta, ina yi maka barka da zuwa, tare da godiya bisa amsa gayyatarmu da ka yi duk da tarin hidimomin da ke gabanka. Sannu da hanya, Allah ya huta gajiya.

Da yake a cikin wannan zaure akwai waɗanda ba su san fannin da baƙonmu ya yi fice a kansa ba, ya dace in ɗan yi musu shimfiɗa. Yadda aka saba, idan an rubuta manhaja sai a gwada ta da wasu bayanai, in ta ba da amsar da ake so a ce ta yi. Amma yanayin da manhaja za ta iya shiga ya fi ƙarfin ƙirga, kuma gwaji ba ya taɓa komai sai ɗan abin da mai gwajin ya tuna. Tun fiye da shekara hamsin da suka wuce masanin kwamfuta Edsger Dijkstra ya ja hankalin masana cewa gwaji na iya nuna akwai kuskure, amma ba zai taɓa nuna babu shi ba. Aikin baƙonmu da abokan tafiyarsa shi ne su kawo hujja ta lissafi, wadda ita kanta kwamfuta za ta iya binciken kowane mataki nata, cewa manhajar za ta yi abin da aka shata mata a kowane hali.

Dalilin wannan wahala a bayyane yake ga duk wanda ya san tarihi. Tsakanin 1985 da 1987, na'urar Therac-25 da ake gasa cutar daji da ita ta zuba wa marasa lafiya haske fiye da kima a Amurka da Kanada saboda kurakuran manhaja, har aka rasa rayuka. A 1994 an gano cewa ƙwaƙwalwar kwamfuta ta Pentium tana kuskure wajen raba wasu lambobi, abin da ya ci wa kamfanin Intel dala miliyan 475. A ranar 4 ga Yuni, 1996 kuwa, rokar Ariane 5 ta tarwatse ƙasa da minti ɗaya bayan tashinta, domin an yi ƙoƙarin cusa lamba mai bit 64 a ƙaramin gurbi mai bit 16 (bit shi ne ƙwayar ma'aunin bayanai a kwamfuta), cikin wani ɓangaren manhaja da aka gado daga Ariane 4 ba tare da an sake duba ko sharuɗɗansa sun dace da sabuwar rokar ba.

Ranka ya daɗe, silsilar da ka fito daga cikinta doguwa ce. Alan Turing, wanda ya nuna a 1936 cewa babu wata hanya guda da za ta iya faɗa mana ko kowace manhaja za ta tsaya ko ba za ta tsaya ba, shi ne kuma ya gabatar da gajeriyar maƙala a 1949 kan yadda za a tabbatar da ingancin wani tsarin umarni. Robert Floyd a 1967 da Tony Hoare a 1969 suka shimfiɗa ƙa'idojin da har yau muke koya wa ɗalibai: abin da yake gaskiya kafin umarni, da abin da dole ya zama gaskiya bayansa. Patrick Cousot da Radhia Cousot suka zo a 1977 da dabarar kintata halayen manhaja ta yadda kuskure ba zai sulale ba, sannan a farkon shekarun 1980 Edmund Clarke da Allen Emerson da Joseph Sifakis suka buɗe hanyar sa kwamfuta ta bincike dukkan yanayin da tsari zai iya shiga, aikin da ya kai su ga lambar yabo ta Turing ta 2007. A kan wannan tubali ka ɗora naka ginin, kuma maƙalunka suna cikin abin da muke ba ɗalibanmu na digiri na biyu da na uku su karanta.

Wanda ya buɗe Google Scholar, shafin intanet da ke tattara rubuce-rubucen masana, zai ga yawan abin da ka wallafa da kuma yadda masana suke kafa hujja da shi. Wannan abin alfahari ne, domin a fanninmu ba kasafai ake ambaton maƙala don ado ba. Mai ambatonka galibi ya ɗauki wata ƙa'ida da ka tabbatar ne ya jingina tasa hujjar a kanta, kuma da taka tana da rauni da tasa ta rushe. Amma ina so ɗalibanmu su fahimci iyakar waɗannan alƙaluma. Ma'aunin h, wanda Jorge Hirsch ya gabatar a 2005, yana nufin idan mutum yana da maƙala ashirin da aka ambaci kowace aƙalla sau ashirin, to ma'auninsa ashirin ne. Yana auna yawan rubutu da yawan ambato a tare, amma ba ya ganin nauyin aikin da ke bayan maƙala guda. Ku dubi seL4, zuciyar tsarin sarrafa kwamfuta da masana a Ostireliya suka tabbatar da sahihancinta a 2009: layin umarni kimanin 8,700 ne, amma hujjar da aka rubuta a kansu ta kai layi kimanin 200,000, kuma ta ci aikin da ya yi daidai da na mutum ɗaya na kusan shekara ashirin. A wajen ma'aunin h, babbar maƙalar da ta ba da rahoton wannan aiki guda ɗaya ce tak, daidai da kowace. Ga shi kuma a kimiyyar kwamfuta manyan sakamako sun fi fitowa a tarukan masana irin su POPL da CAV fiye da mujallu, don haka kwamitin da ya auna mu da mudun wani fanni zai tauye mu.

Abin da ya fi wannan muhimmanci a ganina shi ne, mafi yawan masu cin moriyar irin aikinka ba sa rubuta maƙala, balle su ambace ka. Mai shan ruwan rijiya ba ya tambayar wanda ya haƙa ta. Fasinjan layi na 14 na jirgin ƙasan birnin Paris, wanda ke tafiya ba direba tun 1998, bai san cewa da tsarin lissafi na B aka gina manhajar tsaron jirgin ba. Matuƙin Airbus A340 bai san cewa manhajar Astrée ta tabbatar a 2003 cewa umarnin sarrafa tuƙin jirginsa ba zai ci karo da kuskuren da ke tasowa lokacin aiki ba. Haka nan, lokacin da masana a Jami'ar Utah suka ƙera manhajar gwaji mai suna Csmith suka gano ɗaruruwan kurakurai a manhajojin da ke juya harshen C zuwa harshen na'ura, rahotonsu na 2011 ya nuna ba su sami ko ɗaya ba a ɓangaren CompCert (ɗaya daga cikin irin waɗannan manhajoji) da Xavier Leroy da abokansa suka tabbatar da hujja. Babu ma'aunin da ke ƙirga hatsarin da bai auku ba. Ita ma sanarwar San Francisco ta 2012 kan auna bincike ta nemi a riƙa auna bincike da abin da ke cikinsa, a daina dogaro da martabar mujallar da ya fito. Mu ma abin da ya sa muka gayyace ka ke nan: mun karanta aikin, mun ga amfaninsa a aji da ɗakin bincike.

Ranka ya daɗe, muna da buƙatu, kuma ba za mu ɓoye su ba. Muna so ka yi wa ɗalibanmu bayani kan matsalar da hujja ba ta magancewa, wato idan shi kansa bayanin abin da ake so manhaja ta yi an rubuta shi ba daidai ba, domin a nan hujja za ta tabbatar da kuskure ne cikin natsuwa. Muna so mu ji ra'ayinka kan umarnin da ƙirƙirarriyar basira ke rubutawa yanzu da yawan da ya fi ƙarfin mai dubawa, da kuma rawar da kayan aikin binciken hujja irin su Z3 da Isabelle da Lean za su taka wajen tantance shi. Matasan malamanmu kuma, waɗanda ƙarin girma ke matsa musu su yawaita wallafa, suna son jin yadda mutum zai ɗauki aiki mai cin shekaru ba tare da an bar shi a baya ba. Muna kuma fatan wannan ziyara za ta buɗe ƙofar duba ɗalibai tare da yin bincike na haɗin gwiwa tsakanin sashenmu da naka.

Farfesa, Allah ya ƙara lafiya da basira. Jama'a suna saurare, bismillah.