Ume: Tsohuwar Bishiyar Da Ke Fure A Kasko Cikin Tsananin Sanyi

Ku dubi wannan kututturen da kyau. Baƙi ƙirin, ɓawonsa duk ya tsattsage, cikinsa ya ruɓe har ya zama kogo. Wanda bai sani ba sai ya ce itacen girki ne. To ku ɗaga ido zuwa rassan. Babu ganye ko ɗaya, sai fararen furanni reras, ƙanshinsu ya cika ɗaki. Watan Fabrairu ke nan a Japan, a waje ko dusar ƙanƙara ba ta gama narkewa ba.

Sunan bishiyar ume. Asalinta ƙasar Sin ne, inda ake ce mata mei. Turawa sun kasa tsayawa kan suna guda, wasu su ce fulam, wasu su ce afirkot, amma masana tsirrai sun tabbatar ta fi kusa da afirkot, wato mishmish a bakin Larabawa. Japanawa sun ɗauke ta da muhimmanci tun fiye da shekara 1,200. A tsohon kundin waƙoƙinsu na ƙarni na 8, Man'yoshu, waƙoƙin da suka ambaci ume sun haura 100, sun ninka na sakura, wato bishiyar ceri mai fure da Japan ta shahara da ita, fiye da sau biyu. Daga gabatarwar waɗansu waƙoƙin ume na wannan kundi aka ciro sunan Reiwa, zamanin sarautar da Japan ta shiga a 2019.

Idan aka raini ume a kasko aka yi mata siffa irin ta bonsai, wato fasahar Japanawa ta rainon bishiyar ado a kasko ana datse ta, sunanta bonbai. A garin Nagahama da ke bakin tafkin Biwa, tun 1952 ake baje kolinta duk shekara daga Janairu zuwa Maris a wani tsohon gida mai suna Keiunkan. Akan jera tukwane kusan 90, wasu bishiyoyin tsayinsu ya kusa mita 3, akwai ma waɗanda ake ƙiyasta sun kai shekara 400.

To a ina ake samo ta?

Za ka iya shuka ƙwallon, sai dai ka shirya jira. Ba ya tsirowa sai ya sha sanyi na watanni, sannan ka yi shekaru kafin ka ga fure, kuma babu tabbacin zai yi kama da na uwarsa. Shi ya sa yawancin mutane ke sayen 'yar aure a wurin masu renon tsirrai, kamar dai yadda muke sayen mangwaro ɗan aure. A nan ka sunkuya ka duba mahaɗar auren. Idan ta yi ƙulu ta kumbura a tsakiyar kututture, bar ta, domin wannan tabon ba zai ɓace ba, ƙara fitowa zai yi. Ka nemi wadda aka aura can ƙasa dab da saiwa. Kuma ka je saye lokacin da take fure, ka ga launin da idonka, ka shaƙi ƙanshin da hancinka.

Manyan bonbai kuwa, da yawansu daga tsofaffin gonaki da lambunan gidaje aka haƙo su. Bishiyar da ta tsufa ta rage 'ya'ya, manomi na shirin sare ta, ita ce zinariyar mai bonsai, saboda shekaru sun riga sun yi mata aikin da hannu ba zai iya ba. Japanawa sun kasa nau'o'in ume gida uku: yabai mai kama da ta daji, hibai wadda har cikin itacenta ja ne, da bungo wadda ta haɗa jini da afirkot. Ni dai ga mai farawa yabai nake zaɓa masa. Tana da ƙarfi, rassanta sirara ne, ƙanshinta kuma ya fi tashi.

Kada kowa ya sako reshe ko tsiro a jaka ya tsallaka iyaka da shi ba takardar lafiyar tsirrai. A 2009 aka gano wata cutar bairos ta dangin fulam a garin Ome, yamma da birnin Tokyo. Babu maganinta sai sarewa. Dubban bishiyoyi aka tumɓuke, har shahararren lambun ume na garin ya koma fili a 2014.

Ga wata gaskiya ga masu kallonmu a Kano, Maradi ko Kumasi: ume tana buƙatar sanyi mai ɗorewa na makonni, dare da rana, kafin furenta ya buɗe. Hunturunmu da dare yake cizo, rana na fitowa ya sake, wannan bai ishe ta ba. Maganar rainonta ta fi shafar 'yan'uwa mazauna Turai, Amurka, Sin ko Japan. Mutanen kudancin Biyetnam, da su ma zafi gare su, wata bishiya daban suke raino mai ruwan ɗorawar fure, sunanta mai. Da hannu suke tsinke ganyenta kaf kimanin mako biyu kafin bikin sabuwar shekararsu, Tet, sai ta amsa da fure.

Yanzu mu zo wurin almakashi, inda yawancin masu ume ke yin asara. Japanawa suna da karin magana cewa wawa ne mai datse sakura, wawa ne kuma wanda bai datse ume ba. Datsa dole ce, amma lokacinta guda ne: da zarar furanni sun fara zuba, kafin ganye ya fito. Dalili shi ne, ume tana ƙulla furen baɗi ne da rani, wajen Yuli da Agusta, a jikin sababbin rassan da suka fito a bana. Duk wanda ya ga rassa sun yi tsawo a Oktoba ya bi su ya aske, furen shekara guda ya zubar a ƙasa.

Matso kusa ka dubi reshen. Idanu iri biyu ne a jikinsa. Mai ƙiba, zagayayye, na fure ne. Siriri mai tsini, wanda ya lafe a jikin reshe, shi ne na ganye. Duk inda za ka yanka, ka tabbata ka bar idon ganye ɗaya ko biyu a ƙasan yankan. Idan guntun da ka bari idon fure kaɗai ke gare shi, zai bushe har gindinsa, reshen da aka yi shekara biyar ana tarairaya ya tafi ke nan. Wasu nau'o'in ma ba sa yin idon ganye a gindin reshe, sai can kusa da kai. Irin waɗannan ka haƙura har tohon ya fara motsi ka gan shi sarai, sannan ka yanka.

Sauran ayyukan ba su da wuya. Sauyin tukunya shi ma bayan fure ne, duk shekara ɗaya ko biyu ga ƙarama, tsohuwa kuwa a ɗan jinkirta mata. Ƙasar ta zama mai tsakuwa-tsakuwa wadda ruwa ke wucewa, irin akadama ta Japan. Waya a naɗa wa reshe yana ɗanye, wajen Mayu ko Yuni, domin itacen ume da ya ƙosa ƙaras yake karyewa. A kula da ƙananan ƙwarin nan masu tsotson sabon ganye, irin darɓa, su ne ke sa shi nannaɗewa.

Akwai wata dabara ta tsofaffin masu bonbai. Idan sababbin rassa sun gama miƙewa a farkon rani, sukan ɗan rage mata ruwa, su bari kan reshen ya fara langaɓewa kafin su shayar. Wannan ƙishin yana tsayar da tsawon reshe, ya sa bishiyar ta karkata ga ƙulla fure. Dabara ce mai haɗari a ƙaramin kasko, yini guda na sakaci ya isa ganye ya zube, don haka wanda bai shekara biyu da bishiyarsa ba ya bar ta tukuna. Ya ba ta rana sosai, ya ba ta taki bayan ganye ya ƙosa, ya shayar da ita duk lokacin da saman ƙasa ya bushe. A Nuwamba, bayan ganyen ya kaɗe, sai ya bi rassan ɗaya bayan ɗaya yana ƙirga idanu masu ƙiba.