Inabin Rioja ya ɗaure mini harshe

Kai jama'a! Ku ga abin da na tsinka na jefa a baki yanzun nan. Wallahi na ɗauka irin inabin kanti ne. Ina! Ƙwayar ƙarama ce, baƙa wuluk, ɓawon da kauri, ga 'ya'ya a ciki. Zaƙinsa ya fi na kanti nesa ba kusa ba, amma kana tauna ɓawon sai bauri ya kama maka harshe da dasashi, kamar ka ci goro. Wai wannan baurin shi masu yin giya suke nema, shi ke sa giyarsu ta yi shekaru a ajiye.

Tempranillo ake ce masa. Gonar nan kusa da Logroño take, a La Rioja, arewacin Sifaniya, ga kogin Ebro can gangare. Yana riga wani irin inabi, Garnacha, nuna, shi ya sa tun Satumba muke duƙe da almakashi. Baya ya ji jiki, amma ku tambaya, a layinmu ba mai riga ni cika kwando. A wasu yankunan Sifaniya sunansa daban: a Ribera del Duero sai ka ji Tinto Fino, a La Mancha Cencibel, duk shi ne.

Ni kun san ba na sha, mai gonar ma ya sani. Amma in dattijon nan ya cusa hanci a kofi ya fara bayani, sai na danne dariya. Wai sabuwar giya ƙamshin ceri take yi. In ta kwana a gangar katako mai lita 225, sai ya ce yana jin banila, da ganyen taba, har da jemammiyar fata. Fata fa! Kuma yabo ne. Giyar da ake ce wa Crianza shekara 2 take yi kafin a sayar, aƙalla ɗaya a ganga. Gran Reserva kuwa sai ta kai 5.

To ɗan'uwa, in ka shigo Logroño lokacin bikin San Mateo, wajen 21 ga Satumba, ka yi hattara. Kar ka ga jan abu da ƙanƙara ka ɗauka lemo ne, tinto de verano giya ce aka sirka. Ka ce mosto, ruwan inabi zalla, wajen yuro biyu nake biya. Wanda aka matse a gona kuwa ka sha a ranar, domin in ya ɗan kwana a ɗumi zai fara kumfa, ya juye ya zama abin da kake gudu.